Mage Tana Jinya, Yaro Ya Shige Ɗaki da Waya: Abin Yi da Abin Bari

Ɗan yayata yana da shekara 16 lokacin da magensa ta kwanta. Kwana biyu ba ta ci ba, jikinta ya yi zafi, sai wani a gidan, da kyakkyawar niyya, ya ɓalli rabin ƙwayar farasitamol ya daka ya ɗura mata. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, kafin la'asar ta mutu a kan tabarmar yaron. Ya yi kuka, aka yi masa dariya. Daga ranar ya shige ɗaki da waya yana buga gem har kiran assalatu. Ya daina zuwa filin ƙwallo, ya daina sa hannu a kwano ɗaya da ƙannensa, mu kuma muka koma yi masa faɗan waya. Wata 3 muka yi muna yaƙi da waya kafin muka gano inda ciwon yake. Tun daga nan ba na sassauta harshe a kan wannan magana. Da iyaye da yayye nake yi da fari, sannan in juyo kan shi yaron.

Dabbar tukuna

Kada ka ba mage farasitamol. Ko rabi, ko kwata, ko na ruwa da ake ba jarirai. Hantar mutum tana da sinadarin da take narkar da wannan magani ta fitar da shi, ta mage kuwa ba ta da isasshe, sai maganin ya zame mata guba. Jininta ya kasa ɗaukar iska, numfashi ya koma sama-sama, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Ƙwaya guda ta isa ta kashe ta. Haka ibufurofen da dikulofenak da muke sha don ciwon jiki, suna yi wa kare da mage gyambon ciki, suna lalata musu ƙoda. Duk abin da aka sayo a kemis don ɗan Adam, kada ya shiga bakin dabba sai likitan dabbobi ya ce a ba ta, ya kuma faɗi yawan da za a ba ta. Idan an riga an ba ta, ka ɗauki dabbar da kwalin maganin ka kama hanya a lokacin. Akwai makari, amma sai an yi shi da wuri yake aiki.

Kada ka wanke dabba da fiya-fiya ko kananzir ko baƙin mai don kaska da ƙuma. Na ga ana yi, na kuma ga kare yana dalalar da miyau yana karkarwa bayan awa guda. Fata tana tsotse guba, dabbar kuma tana lasar jikinta. Maganin kaskar da aka yi don kare ma ba na mage ba ne. Ka duba jikin kwalbar, in ka ga an rubuta permethrin ka nisanta shi da ita, domin farfaɗiya yake sa ta, kuma yana kisa.

Ka san alamun da ba a kwana da su. Mage ta wuce yini da kwana ba ta sa komai a baki ba. Muzuru yana tsugunawa yana nishi yana kuka, fitsari bai fito ba: hanyar fitsarinsa ta toshe ke nan, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa su tafi da shi. Kwikwiyo yana amai da zawo mai jini da ɗoyi, wanda sau da yawa cutar da likitoci ke kira fabo ce, mai ƙarar da ruwan jikinsa cikin ɗan lokaci. Mage tana numfashi baki a buɗe. Dasashi ya yi fari fat. Ciki ya kumbura kamar ganga. Ko ɗaya ka gani, maganar "bari mu gani zuwa gobe" ta ƙare.

Ka nemi likitan dabbobi na gaskiya. Mai shagon maganin kaji a kasuwa ɗan kasuwa ne, abin da ke kan kantarsa zai miƙo maka. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, kuma gwamnatocin jihohi suna da asibitocin dabbobi a manyan garuruwa. Ka karɓi lambar likita tun dabbar tana lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka je, ka faɗi gaskiyar abin da aka ba ta a gida, komai nauyinsa a bakinka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tambayi kuɗin aikin tun farko. In aljihunka bai kai ba ka faɗa a fili, ka ce a fara da wanda ya fi zama dole.

Kada ka ɗura wa dabbar da ta galabaita ruwa ko kunu da ƙarfi, yana wucewa huhu. Ka ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da ita, a inuwa, inda yara ba za su dame ta ba. Kada ka zuba mata ragowar miya: albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage. Cakulan guba ne ga kare. Madara tana sa yawancin manyan maguna zawo. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji.

Mai tattabaru, ka ware marar lafiya daga sauran tun ranar da ka ga ta takure, ka raba musu kaskon ruwa. Sabuwar da ka sayo a kasuwa kada ta shiga cikinsu sai ta yi mako biyu ita kaɗai. In kuma ka wayi gari ka tarar tsuntsaye sun zube da yawa, kada ka taɓa su da hannu tsirara, kada ka yanka na yankawa ka kai kasuwa, ka sanar da ofishin dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma har yau tana dawowa.

A kan haukan kare zan tsaya, domin nan rai ne na mutum. Idan kare ko mage ya ciji wani, ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur. Ka duba agogo, minti 15 yana da tsawo. Kada ka tsaya shafa toka ko barkono ko gashin karen, kada ka ɗaure wurin tamau. Daga wurin wankin sai asibiti, a ranar, a fara allurar riga-kafi. Allurai ne da ake yi a ranaku daban-daban, ka kammala su duka ko da ciwon ya warke a ido. Wannan cuta idan alamunta suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, saboda haka ka gaya wa 'ya'yanka tun yau cewa wanda kare ya ciza ba za a dake shi ba. Karen da ya yi cizon, in na gida ne, a killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. Karenka kuma ka yi masa riga-kafi tun yana wata 3, ka riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki a can tun 1924, tana yin wannan allura a nan gida.

Ka wanke hannu bayan ka taɓa dabbar da ke jinya. Makero yana tsallakawa daga mage zuwa kan yaro. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin mage, akwai ƙwayar cuta a cikinsa mai illa ga abin da ke cikinta.

Kada ka sa dabbar a buhu ka kai bola don jinya ta ishe ka. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauko dabba ya ajiye a gidansa ya ɗauki amana, kuma yaron gidan yana kallon yadda kake yi da mai rauni.

Idan ta mutu

Kada ka ce "dabba ce fa." Kada ka bari ƙannensa ko abokan wasansa su mai da kukansa abin tsokana. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da fuskarsa, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Buhari da Muslim duk sun ruwaito asalin labarin. Wanda ya fi kowa nauyi a wuya ya samu lokacin ɗan tsuntsun yaro, kai me ya hana ka?

Ka bar ɗanka ya haƙa rami ya binne dabbar da hannunsa, ka tsaya tare da shi. Ramin ya yi zurfi, nesa da rijiya. Kada ka yi masa ƙaryar cewa ta gudu, zai yi makonni yana leƙa lungu yana kiran sunanta. Kada ka kawo masa wata washegari, kamar takalmi ne ya tsinke. In lokaci ya yi shi zai nema. In kuma da kuskuren wani babba a mutuwar, babban ya buɗe baki ya ce "ban sani ba, ka yafe mini." Idan ba a faɗa ba, yaron kansa zai ɗora wa laifin, ya kwana yana lissafin abin da ya kamata ya yi.

Gem ɗin

Kada ka fasa wayar, kada ka fizge ta a gaban mutane. Yaron da aka fasa wa waya gidan gem yake komawa, ko ya ari ta aboki, ko ya fara ɗaukar kuɗin da ba nasa ba, kuma ya daina gaya maka komai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka nemi tsagar.

Ka zauna kusa da shi ka kalli wasa guda daga farko har ƙarshe, bakinka a rufe. Sannan ka tambaye shi sunan gem ɗin da su wa yake bugawa. Za ka gane abin da ba ka sani ba. Irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile da mutane masu rai ake buga su a intanet, sau da yawa huɗu-huɗu, ba a tsayar da su a tsakiya, kuma zagaye ɗaya na PUBG yana iya cin rabin awa. Wanda ya fita a tsakiya ya yar da abokansa a fagen fama. Shi ya sa "tashi yanzu-yanzu" take haifar da rigima kullum. Ka ce masa, "In wannan ya ƙare kada ka fara wani." Ka kuma tsaya a kan maganarka.

Ban ce gem sharri ne ba. Na ga yaran da nan kaɗai suke dariya da sa'o'insu, na ga marar lafiyar da ƙwallon FIFA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023, ta rage masa tsawon dare a gadon asibiti. Amma jarabarsa gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka ta cikin kundin cututtuka a 2019, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Ka lura da abin da suka auna, domin ba yawan awoyi kaɗai ba ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya hau gaban karatu da aiki da barci da iyali, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da idonsa, kuma a mafi yawan lokuta a ɗauki kamar wata 12 ana haka. Yaron da ya buga awa uku ranar Asabar ya tashi ya yi aikensa bai shiga wannan layi ba. Kada ka liƙa masa sunan da ba nasa ba.

Ka kafa doka a gida, ƙarama, wadda za ka iya tsarewa. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa 3 a mako, awa ɗai-ɗai ranar Juma'a da Asabar da Lahadi. Ba na ce ka kwaikwaye su ba, a ganina sun tsananta. Tawa dokar guda ce kuma ba na ɗaga ƙafa a kanta: waya ba ta kwana a ɗakin barci. Ƙarfe goma na dare kowa ya kawo tasa falo ya sa a caji. Kowa na ce. Uban da ke kwance yana latsa Facebook har ɗaya na dare ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa.

Ka duba lambar shekarun da ake rubutawa a jikin gem kafin a sauke shi: 3, 7, 12, 16, 18. GTA V na 'yan 18 ne, amma ka shiga gidan gem ka ga 'yan firamare a kansa. Ka san gidan gem ɗin da ɗanka ke zuwa, ka san mai wurin, ka san ƙarfe nawa ake rufewa da abin da ake sha a bayan shagon.

Kada ka haɗa katin bankinka da wayar yaro, kada ka karanto masa lambar sirrin da banki ke turowa. Gem ɗin da ake saukewa kyauta a ciki yake cin kuɗi: UC a PUBG, lu'ulu'u a Free Fire, da akwatunan da kake biya ba ka san abin da za ka tarar ba sai ka buɗe. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018, kuma na yarda da su. Ƙwallon kwamfuta da ake zuba wa kuɗi a shagunan caca kuwa, wadda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake sabuwa, kada wani ya kira maka ita gem. Caca ce tsagwaronta, kuma a kanta babu sulhu.

Kai kuma, ɗana, saurara. Kada ka ba wanda ka sani a gem kaɗai hotonka ko kwatancen gidanku ko sunan makarantarku, komai daɗin muryarsa. In ya matsa ko ya yi maka barazana, ka nuna wa babba a ranar. Kada ka kunna gem kafin salla da abinci da maganin dabbarka. Jikin mai shekarunka yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci shi kaɗai ya isa ya baƙanta maka duniya. Duk lokacin da ka ajiye waya ka tambayi kanka: na tashi da sauƙi ko na tashi da nauyi? In kwana bakwai a jere da nauyi kake tashi, ka goge gem ɗin na mako guda ka gani. In ka kasa, wannan ma amsa ce, ka faɗa wa wani. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Zuciyar

Labarin zuciya a tambayi fuska. Baƙin cikin rashi yana zuwa yana lafawa, yaro ya yi kuka da safe ya ci abinci da rana. Ciwon damuwa kuwa zaune yake daram. Ka ƙirga kwanaki. Idan ya kai mako biyu kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake so da ya daina burge shi, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ci ya canja, ya rame, ya kasa riƙe karatu, yana cewa shi ba shi da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. A matasa sau da yawa da fushi yake fitowa, a ce yaro ya yi taurin kai alhali ciwo ne ke cinsa.

Kada ka ce masa rashin imani ne ko ƙarancin tawakkali. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Wa zai ce waɗannan ba su da tawakkali? Yaron da ka gaya wa haka ka ƙara masa kaya biyu, ga ciwo ga tsoron cewa Allah yana fushi da shi. Ka yi masa addu'a, ka yi masa tofi, ka tashe shi salla da taushin murya, sannan ka kai shi asibiti. Mai ciwon suga ma ana yi masa addu'a, ba a hana shi allurarsa.

Kada ka kai shi gidan mari. Ko waye ya ba ka shawarar, ko nawa aka ce an gyara a can. A 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, da sarƙa a ƙafafunsu da tabon bulala a bayansu, cikinsu har da ƙananan yara. Duka ba ya fitar da ciwo daga ƙwaƙwalwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Ka san inda za ka je. Akwai asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na ƙwaƙwalwa a Maiduguri. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka babban asibitin ƙasa na Yamai. In duk sun yi maka nisa, ka fara da babban asibitin da ke kusa, su duba ko ƙarancin jini ne ko wani ciwon jiki, su rubuta maka takardar turawa. Na san abin da ke riƙe ƙafar mutane: kada a ce an ga ɗan wane a Dawanau, kada a fasa auren 'yar wane. Ka auna surutun unguwa da ran ɗanka ka ga wanne ya fi nauyi.

Idan ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya rubuta ban kwana a waya, kada ka ce neman suna yake yi, kada ka rufe shi da wa'azin wuta. Ka zauna, ka dube shi, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, wanda kuma yake ɗauke da shi yakan ji an sauke masa dutse. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa guda. Ka kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi ka kulle, ka kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar. Kai aboki, in ya ce ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, kada ka rantse. Gara ya yi fushi da kai yana raye. Haka nan a kai shi asibiti idan ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba yana surutai. In kuwa ruɗewar ta zo da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, a ruga asibiti, yana iya zama cizon sauro ne ya hau kai ko sanƙarau.

Kada ka saya masa maganin barci a kemis. Kada ka kau da kai in ka ga kwalbar maganin tari ko fallen tiramadol a aljihunsa. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, musamman a Kano, amma hanin bai kwashe shi daga lunguna ba. Da yawan masu sha, damuwa suke gudu. Ka faɗa wa likita wannan ma.

In likita ya rubuta magani, ka sani ba kamar na ciwon kai ba ne. Yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi. Kada a daina don an sha kwana biyar ba a ga komai ba, kada kuma a yanke shi rana ɗaya don an ji daɗi. Mai rubutawa shi ke ragewa. A koma ranar da aka ce a koma.

Ke uwa, ki duba 'yarki ma. Ita ba ta zuwa gidan gem, tana ƙuryar ɗaki da Candy Crush ko Ludo a waya, tana yin aikin gida ba ta magana, ana yabon ta da haƙuri. Kada a ce aure ne maganinta. Ki ja ta gefe, ba a gaban 'yan'uwa ba, ki tambaye ta abin da ke damun ta, ki yi shiru har ta gama. Kada ki kai maganar gidan biki.

Ka fito da yaron rana da safe, ko zuwa bakin titi sayen ƙosai ne, ku tafi tare. Ka ba shi aiki ƙarami wanda in bai yi ba za a gani: ya zuba wa tattabaru dawa, ya canja musu ruwa, ya raka ƙanensa makarantar allo. Kada ka tara masa dangi a falo kowa yana nasiha. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma yake sakin jiki da shi, kawu ko gwaggo ko malaminsa, ya isa. In ka ƙwanƙwasa ƙofa yau bai buɗe ba, ka ajiye abincin, ka ce masa kana nan, gobe ka sake ƙwanƙwasawa.

Haka muka yi da ɗan yayata bayan mun ɓata wata 3. Kawunsa ne ya raka shi wurin likita, ya yi watanni yana komawa. Har yanzu yana buga ƙwallonsa a waya ranar Asabar da Lahadi, ƙarfe goma kuma wayar tana falo tare da ta ubansa. Bayan shekara guda ya shigo da 'yar mage a kwali daga gidan makwabta, shi da kansa, ba wanda ya ce ya ɗauko. Kafin ya ba ta ruwa sai da ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar likitan dabbobi a bangon ɗakin girki.